Gano Dalilin Cijewar Aikin Girka Babbar Manhaja a Tsohuwar Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Yawancin kwamfutocin da ɗalibai da ƙananan ofisoshi ke aiki da su a ƙasashen Afirka ta Yamma ba sababbi ba ne. Kwance ne da aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, sannan suka shigo ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome da Legas, suka bazu zuwa kasuwannin Yamai da Maraɗi da Kano da sauransu. Irin waɗannan kwamfutoci sukan yi shekaru suna aiki lafiya, sai ranar da aka zo sake girka musu babbar manhaja aikin ya cije a hanya. A nan ne akan yi asara iri biyu. Ta farko ita ce a goge rumbun kwamfutar cikin gaggawa, a rasa kundin digiri ko hirarrakin da aka sha wahalar ɗaukowa daga ƙauyuka. Ta biyu kuwa ita ce a yanke hukuncin cewa kwamfutar ta mutu, alhali abin da ya lalace bai wuce batiri ko faifai ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa aikin girkawa matakai ne da ke bin juna, kuma kowane mataki yana dogara ne da wani sashe na kwamfuta. Saboda haka wurin da aikin ya tsaya shi ne yake nuna inda ya kamata a fara bincike.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Babbar manhaja ita ce manhajar da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, wadda sauran manhajoji ke hawa kanta su yi aiki. Misalanta su ne Windows da Ubuntu da Debian. Girkawa kuwa shi ne ɗora wannan manhaja a cikin kwamfuta daga faifai ko filashi.

Rumbu shi ne ma'ajiyar dindindin, inda fayiloli ke zama ko an kashe kwamfuta. Ram shi ne ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke baje aiki a kai, kuma abin da ke cikinsa yana gushewa da zarar an kashe ta. Furosesa ita ce sashen da ke yin lissafi da zartar da umarni. Dukkan waɗannan suna haɗuwa ne a kan babban allon ciki. BIOS wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a jikin wannan allo, ita ce take fara aiki idan an kunna kwamfuta. A kwamfutocin baya-bayan nan wadda ta gaje ta ana kiranta UEFI. Direba kuma ƙaramar manhaja ce da ke koya wa babbar manhaja yadda za ta yi magana da wata na'ura, kamar rumbu ko na'urar buga takardu. Ana auna girman ram da rumbu da megabayit da gigabayit, waɗanda za a riƙa taƙaitawa da MB da GB.

3.0 Matakan Girkawa

Ko wace iri ce babbar manhajar, aikin girka ta yana bin matakai biyar:

(a) BIOS ta binciki sassan kwamfuta, ta nemo faifai ko filashin da za ta tashi da shi.
(b) Manhajar girkawa ta shiga cikin ram, ta duba ko furosesa da ram za su iya ɗaukarta.
(c) Ta nemo rumbu, ta kasa shi, ta shirya shi.
(d) Ta kwafe fayiloli daga faifai zuwa rumbu.
(e) Kwamfuta ta sake tashi, wannan karo daga rumbu, a kammala saituttuka.

Idan aiki ya tsaya a mataki na farko, babu dalilin zargin rumbu, domin ba a kai gare shi ba tukuna. Haka kuma idan ya kai mataki na huɗu, an riga an tabbata cewa furosesa ta karɓi manhajar.

4.0 Abubuwan Yi Kafin a Taɓa Komai

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne kwashe fayiloli. Ko da tsohuwar manhajar ta daina tashi, galibi fayilolin suna nan a rumbu muddin ba a goge shi ba. Ana iya tayar da kwamfutar da faifan Linux mai aiki kai tsaye ba tare da girkawa ba, a kwashe su zuwa filashi, ko a cire rumbun a jona shi da wata kwamfuta.

Akwai wani abu da ya shafi masu rubutun Hausa musamman. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, an rubuta takardu da yawa da wasu zanen haruffa na musamman, inda aka sauya siffar wasu alamomi domin su fito a matsayin ɓ da ɗ da ƙ. Idan aka kwashe takardun aka manta da fayil ɗin zanen haruffan, to bayan girkawa haruffa masu lanƙwasa za su koma wasu alamomi dabam. Don haka a kwafe jakar zanen haruffa tare da takardun.

Abu na biyu shi ne rubuta saƙon kuskure daidai yadda ya fito, ko a ɗauki hotonsa da waya. Kwamfutar da ta fito daga Faransa za ta ba da saƙon da Faransanci, wadda ta fito daga Ingila kuma da Ingilishi, amma lambar kuskuren ɗaya ce, kuma da ita ake bincike.

Abu na uku shi ne a riƙa sauya abu guda a lokaci guda. Wanda ya sauya faifai da ram da saitin BIOS gaba ɗaya, ko aikin ya yi kyau, bai san abin da ya gyara ba.

5.0 Bincike Bisa ga Inda Aiki Ya Tsaya

5.1 Kwamfuta Ba Ta Kai ga Faifai Ba

Idan an kunna kwamfuta fuskarta ta zauna baƙa, tana ƙara jefi-jefi, to matsalar ta riga manhaja. Ma'anar ƙarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, domin ta AMI dabam, ta Award dabam, ta Phoenix dabam. Sau da yawa ram ne ya motsa daga mazauninsa, ko ƙura ta shiga tsakani. A cire wuta, a zare shi, a share haƙoransa na tagulla, a mayar.

Idan kuwa fuska ta kawo rubutu amma kwamfutar ta tsallake faifan, a shiga BIOS a duba jerin abubuwan da take tashi da su. Maɓallin shiga yakan kasance F1 ko F2 ko F10 ko Del. A nan ne ake gano mutuwar batirin allo. Wannan ɗan batiri mai kama da kwabo, wanda a kwamfutocin tebur yawanci CR2032 ne mai ƙarfin bolt 3, shi ke riƙe kwanan wata da saituttuka. Idan ya mutu, duk saitin da aka yi zai ɓace da zarar an zare wuta, kwanan wata kuma ya koma shekarun baya. Kwanan wata maras daidai yana hana manhajar girkawa ɗauko fayiloli daga intanet, domin za ta ɗauka cewa takardun shaidar tsaro na shafukan ba su fara aiki ba.

Bugu da ƙari, na'urar karanta faifai takan gaji. Tsohuwar na'ura tana iya karanta faifan kamfani amma ta kasa karanta wanda aka ƙona a gida. Wata kuma ta CD ce zalla, mai karanta faifan 700 MB, ba ta karanta DVD mai ɗaukar 4.7 GB, alhali tun daga Windows Vista ta 2007 a DVD aka fi rarraba Windows. Filashi ma yana da nasa sharaɗi. Kwamfutoci da dama na farkon shekarun 2000 ba sa tashi daga filashi sam, sai da taimakon wata ƙaramar manhaja irin su Plop. Waɗanda ke tashi kuma suna bukatar a shirya filashin da tsarin MBR na tsohuwar BIOS. Idan aka shirya shi da tsarin GPT domin UEFI kawai, tsohuwar kwamfuta za ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba. Manhajar Rufus tana ba da zaɓi tsakanin tsarin biyu.

5.2 Manhaja Ta Tashi Amma Ta Ƙi Kwamfutar

Kowace babbar manhaja tana da mafi ƙarancin abin da take bukata. Windows XP, wadda ta fito a 2001, ta nemi furosesa mai gudun megahaz 233 da ram 64 MB da fili 1.5 GB a rumbu. Windows 7 ta 2009 ta nemi gigahaz 1 da ram 1 GB da fili 16 GB. Windows 11 ta 2021 kuwa tana neman ram 4 GB da fili 64 GB da UEFI da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su da shi.

Babban abin da ke rikitar da mutane a nan shi ne bambancin furosesa mai bit 32 da mai bit 64. Furosesa mai 64 tana ɗaukar manhaja mai 32, amma mai 32 ba ta ɗaukar mai 64 ko kaɗan. Furosesa mai bit 64 ta fara shiga kwamfutocin gida ne da Athlon 64 a 2003, amma an ci gaba da ƙera masu 32 bayan haka. Core Duo ta 2006 da Atom N270 ta 2008 duk masu 32 ne, Core 2 Duo kuwa mai 64 ce. Sunayen sun yi kama, amma lambar 2 ɗin nan ita ce ta raba su.

Ko a cikin masu bit 32 ma akwai bambanci. Tun daga Windows 8 ta 2012 ake bukatar furosesa ta mallaki siffofi uku, wato PAE da NX da SSE2. Ubuntu ita ma ta fara neman PAE a babban bugunta na 12.04, daga baya kuma ta daina fitar da faifan girkawa na tebur mai bit 32 a bugun 17.10 na 2017. Debian 12 ta 2023 ita ce ta ƙarshe da ta zo da manhajar girkawa mai bit 32, domin Debian 13 ta 2025 ba ta da ita. Idan aiki ya tsaya a wannan mataki, kwamfutar lafiyarta lau, manhajar da aka zaɓa ce ba ta dace da ita ba.

5.3 Ba a Ga Rumbu Ba

Da farko a duba ko BIOS kanta tana ganin rumbun. Idan ba ta gani, to waya ce ta saki ko rumbun ya mutu. A tsofaffin rumbuna na IDE, masu faffaɗar waya da ƙafafu 40, akwai ɗan mahaɗin roba a bayan rumbu da ke nuna wanda ke gaba da wanda ke biye idan na'urori biyu na kan waya ɗaya. Idan aka saita dukkansu a matsayi ɗaya, ɗaya zai ɓace ko ma duka biyun.

Idan BIOS tana ganin rumbu amma manhajar girkawa ba ta gani, to direba ne babu. Sanannen misali shi ne Windows XP a kan rumbun SATA. XP ta riga SATA fitowa, domin sai wajen 2003 wannan tsari ya shiga kasuwa. Sakamakon haka ko dai ta ce ba ta sami rumbu ba, ko ta kawo shuɗiyar fuska mai lamba 0x0000007B. Magani iri biyu ne: a shiga BIOS a sauya yanayin rumbu daga AHCI zuwa IDE, ko a danna F6 a farkon girkawa a ba ta direban, wanda XP ke karɓa daga disket kawai. Windows 7 ma tana da makamancin wannan, domin ba ta zo da direban USB 3.0 ba. Idan aka jona filashi a shuɗiyar kafa sai ta ce ta rasa direban na'urar faifai, kuma sau da yawa mayar da filashin kafar USB 2.0 ya wadatar.

Girman rumbu ma yana kawo cikas. Tsofaffin BIOS da bugun farko na XP ba sa gane abin da ya wuce 137 GB, tsarin MBR kuma iyakarsa wajen terabayit 2.

5.4 Aiki Ya Tsaya a Tsakiyar Kwafe Fayiloli

Wannan shi ne matakin da ya fi ruɗani, domin abubuwa huɗu ne ke iya jawo shi: faifai da ram da rumbu da zafi. Hanyar rarrabe su ita ce a maimaita aikin sau biyu ko uku ana lura.

Idan kullum a kan fayil guda yake tsayawa, laifin faifai ne ko filashi. Wataƙila faifan ya karce, ko fayil ɗin ISO bai sauko cikakke ba saboda yankewar intanet. Masu fitar da manhaja irin su Debian da Ubuntu suna buga wata doguwar lambar tantancewa, SHA-256, tare da kowane fayil. Idan lambar fayil ɗin da aka sauke ta saɓa da tasu ko da da harafi guda, a sake saukewa. Idan za a ƙona faifai a ƙona shi da ƙaramin gudu. A kuma tuna cewa filashi mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4 GB.

Idan kuwa yau a wannan fayil ya tsaya, gobe a wancan, to ram ake zargi. Kwamfuta tana iya daɗewa tana ƙananan ayyuka da ram mai rauni ba a lura ba, amma girkawa yana warware manyan fayiloli a cikinsa, sai raunin ya bayyana. A gwada shi da Memtest86+, a bari gwajin ya zagaya aƙalla sau ɗaya cikakke. Kuskure ko guda ɗaya ne ya isa hujja. Idan sandunan ram biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya domin a gane mai laifin.

Idan aikin yana tafiyar hawainiya, ko rumbu yana ƙara ƙas-ƙas, to rumbun ne ke mutuwa. Rumbuna suna riƙe da rahoton lafiyarsu mai suna SMART, wanda ake karantawa da CrystalDiskInfo ko daga faifan Linux. Abin dubawa shi ne layi mai lamba 5, adadin gurabun da suka lalace aka musanya, da layi mai lamba 197, adadin waɗanda ke jiran musanya. Idan waɗannan lambobi suna ƙaruwa, sake girkawa a wannan rumbu ɓata lokaci ne.

Idan kuma kwamfutar ɗaukewa take yi gaba ɗaya bayan wasu mintoci, ba tare da wani saƙo ba, to zafi ne ko wuta. Girkawa yana sa furosesa aiki ba hutu. A yankin Sahel ƙurar hunturu takan toshe fanka da ƙarfen sanyaya, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. A buɗe kwamfutar a hure ƙurar, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, a yi aikin da sassafe ko da dare. Yayin da take buɗe a duba kafasitocin allo, wato ƴan gwangwanayen da ke tsaye kusa da furosesa. An ƙera kwamfutoci masu yawa da kafasitoci marasa inganci tsakanin 1999 da 2007, kuma alamarsu ita ce kumburin kai ko tsatsar wani abu ruwan ƙasa. Ɗaukewar wutar lantarki a tsakiyar kwafe ma tana ɓata aikin, kuma idan hakan ta faru daga farko ake sakewa.

5.5 An Gama Kwafe Amma Ba Ta Tashi Daga Rumbu

Kuskure mafi sauƙi a nan shi ne barin kwamfuta ta sake tashi daga faifai. Faifan Windows yakan nemi a danna kowane maɓalli domin a tashi daga gare shi. Ana dannawa ne a karon farko kawai. Wanda ya danna a karo na biyu zai ga girkawa ya dawo farko, ya yi ta zagaye.

Idan aikin ya daskare lokacin da manhaja ke binciken na'urori, a cire duk abin da ba dole ba, kamar na'urar buga takardu da ƙarin katunan da aka cusa a allo. A Linux kuma baƙar fuska bayan tashi tana yawan fitowa daga direban katin hoto, kuma ƙara kalmar nomodeset a layin tashi yakan ba da damar shiga. Idan daskarewa take yi tun farko, ana gwada acpi=off ko noapic. Manhajar girkawa tana rubuta rahoton abin da take yi. A Windows akwai fayilolin setupact.log da setuperr.log, a manhajar girka Debian kuma danna Alt da F4 yana nuna rahoton. Layukan ƙarshe su ne ke faɗin abin da ake yi lokacin da aka tsaya.

6.0 Misali

A ɗauki kwamfutar hannu Dell Latitude D600 ta 2003, mai furosesa Pentium M ta zubin farko da ram 512 MB. Idan aka kawo mata Windows 10 za ta ƙi a mataki na biyu, domin furosesarta ba ta da NX. Idan aka kawo sabuwar Ubuntu ita ma za ta ƙi, domin mai bit 64 ce. Idan aka kawo Lubuntu 18.04 mai bit 32, za ta ce babu PAE. Gaskiyar magana furosesar tana iya aikin PAE, sanarwa ce kawai ba ta yi, shi ya sa tun daga bugun 14.04 aka samar da kalmar forcepae da ake ƙarawa a layin tashi. Debian 12 mai bit 32 kuwa tana da zubin da ba ya bukatar PAE.

Ke nan an ƙi wannan kwamfuta sau uku, kuma babu abin da ya lalace a jikinta. Wanda bai lura da matakin da ake tsayawa ba zai iya sayen sabon rumbu a banza.

7.0 Bayan Girkawa

Kammala girkawa ba ya nufin kwamfutar ta dace da kowane aiki. Microsoft ta daina tallafa wa Windows XP a watan Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Manhajar da aka daina toshe ɓarakarta haɗari ce a intanet, kamar yadda harin WannaCry na watan Mayun 2017 ya nuna a kan kwamfutocin da ba a sabunta ba. Irin wannan kwamfuta ta fi dacewa da buga rubutu da sauraron hirarrakin da aka ɗauka, ba tare da an jona ta da intanet ba. Ga mai rubutun Hausa, a girka zanen haruffa na Unicode irin su Charis SIL ko Doulos SIL, da manhajar allon rubutu kamar Keyman, sannan a buɗe tsohuwar takarda guda a tabbata ɓ da ɗ da ƙ da ƴ sun fito daidai.

Akwai kuma lokacin haƙuri. Batiri da ram da rumbu abubuwa ne da ake musanyawa da kuɗi kaɗan. Amma idan an gwada ram mai kyau da rumbu mai kyau da faifan da aka tantance, aikin bai daina tsayawa ba, to babban allon ne, kuma gyaransa yakan fi kuɗin wata kwamfutar kwance.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta kasa aikin girka babbar manhaja zuwa matakai biyar, ta kuma danganta kowane mataki da sassan da ya kamata a zarga. Tsayawa kafin faifai ya tashi yana nuni ga BIOS da batiri da na'urar karanta faifai. Ƙin karɓar kwamfuta yana nuni ga rashin dacewar manhaja da furosesa. Rashin ganin rumbu yana nuni ga waya ko direba. Tsayawa a tsakiyar kwafe yana nuni ga faifai ko ram ko rumbu ko zafi, kuma maimaita aikin ne ke rarrabe su. Ƙin tashi bayan kwafe kuwa yana nuni ga jerin tashi ko direban wata na'ura. A kowane hali, ana fara kwashe fayiloli da zanen haruffa, a rubuta lambar kuskure, sannan a sauya abu guda a gwada kafin a taɓa na gaba.